Yadda Ake Sabunta Allon Na'urar Finbol da Ya Goge ta Hanyar Manna Masa Sabuwar Fuska

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a zamanin Windows XP zai tuna wasan nan da ake harba 'yar ƙwallon ƙarfe sama, tana gangarowa ana tare ta da fikafikai biyu kada ta faɗa rami. Wancan kwaikwayo ne. Na'urar finbol ta gaske akwati ce mai ƙafa huɗu da ta haura kilo 100, an rufe samanta da gilashi, kuma cibiyar ƙera ta tun fil azal ita ce birnin Chicago na Amurka, inda kamfanoni irin su Gottlieb da Bally da Williams da Stern suka yi tashe. Gottlieb ne ya fara sa mata fikafikai a 1947, a na'urar da ya kira Humpty Dumpty. Williams kuwa ya daina ƙera finbol a 1999, amma dubban na'urorinsa na nan a gidajen mutane a Amurka da Turai, ana saye ana sayarwa ana gyarawa.

Abin da ya fi saurin tsufa a jikinta shi ne allon da ƙwallon ke yawo a kai. Katako ne mai hawa-hawa, kaurinsa kamar rabin inci, faɗinsa inci 20 da kwata, tsawonsa inci 42 a yawancin tsofaffin na'urori. A kansa aka buga zane mai launuka, aka shafa masa siririn fenti mai sheƙi. Ƙwallon kuwa ƙarfe ce zalla, faɗinta milimita 27, nauyinta kusan giram 80. Idan ta yi tsatsa ko ta kwarzane, ta haɗu da ƙurar robobi da ta koyil, wato naɗin wayar da ke motsa injinan na'urar, sai ta riƙa cin fentin a hankali har katako ya fito. Sai wajen 1990 Williams ya fara rufe allunansa da fenti mai tauri irin na mota, wanda ya sa wa suna Diamond Plate. Shi ya sa na'urorin da suka riga wannan lokaci, irin su Firepower da Black Knight na 1980, da Space Shuttle na 1984, da High Speed na 1986, sau da yawa za ka tarar tsakiyar allonsu ta goge fes, sai farin katako.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ceto irin wannan allo ita ce a kankare tsohon zanen gaba ɗaya, a manna sabon da aka buga a kan roba. Manna robar ba ya cin awa ɗaya. Shirya katakon da za a manna ta a kai shi ne aikin, kuma shi zai nuna ko gyaran zai yi shekara goma ko zai fara ɗagowa kafin shekara ta zagayo.

Kafin ka taɓa samfefa

Da zarar samfefa ta hau kan zanen asali, bakin alƙalami ya bushe. Babu mai dawo maka da shi. Don haka sai ka fara wanke allon sarai da tsumma mai laushi da ɗan nafta, wato wani mai dangin fetur da ake goge dauɗa da shi, ka dube shi a cikin haske mai kyau. Allo da yawa da ake ganin ya mutu, dauɗar shekaru ce kawai ta rufe shi. Idan gogewar ba ta wuce wuri ɗaya ko biyu masu girman tafin yaro ba, a ganina asara ce a kankare shi. Mai hannu zai iya cike wurin da fenti, a rufe da kiliya, wato fenti marar launi da ke kare zane, allon ya ci gaba da zama na asali, wanda masu tara waɗannan na'urori suka fi ba daraja. Akwai ma ƙananan sitikoki da ake bugawa don wuri guda da ya saba gogewa, ba sai an rufe allon duka ba.

Haka kuma ka bincika ko ana buga sabon allo sukutum na irin na'urarka. Classic Playfield Reproductions a Kanada da Mirco a Jamus suna yi. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma sai ka kwashe duk wayoyi da injinan da ke ƙarƙashin tsohon ka mayar kan sabon, amma shi ne gyaran da ya fi kusa da yadda na'urar ta fito daga kamfani. Manna sabuwar fuska ya dace ne da allon da zanensa ya riga ya tafi, katakonsa kuma yana nan da ƙarfi: bai sha ruwa ya kumbura ba, hawansa bai rabu ba, bai tanƙware ba. Idan katakon ya ruɓe ko ya bauɗe, kada ka ɓata kuɗinka.

Sabuwar fuskar iri biyu ce, kuma aikinsu ya bambanta. Akwai sitika mai laushi, irin ledar da ake buga talla a kai, wadda take zuwa a naɗe. Tana da araha, amma ita kaɗai ba ta jure dukan ƙwallo na dogon lokaci, sai an rufe ta da kiliya, kuma ta kan tattare a gindin turakun da aka ɗaure da ƙarfi. Akwai kuma faranti mai tauri da kamfanin Outside Edge na Amurka ke sayarwa da sunan Hardtop. Kaurinsa kusan inci 0.03 ne, bai kai milimita ɗaya ba, kuma zanen a bayansa aka buga shi, don haka ƙwallon ba ta taɓa fentin ko kaɗan. Ba ya buƙatar kiliya a sama. Idan akwai na irin na'urarka, shi nake ba da shawara. Ko wanne ka zaɓa, ka saye shi ya iso hannunka, ka ɗora shi kan allon ka ga ya yi daidai, kafin ka fara kankara.

Kwance kayan saman allo

Zare filogi daga bango tukuna. Kashe makunni kawai bai isa ba, ga shi kuma allunan nuna maki na na'urorin wancan zamani suna aiki da wuta mai ƙarfi, bolt 100 zuwa kusan 190. Buɗe ƙofar kuɗi da ke gaba, ja hannun da ke sakin ƙarfen da ya danne gilashi, zare gilashin a hankali. Ka jingine shi kan katako ko kafet, kada gefensa ya taɓa siminti, don irin gilashin nan da ƙaramin bugu a kusurwa yake tarwatsewa. Sannan ka fitar da ƙwallayen duka kafin ka ɗaga allon. Wasu na'urorin uku suke ɗauka. Wadda aka manta takan gangaro da ƙarfi ta fasa robobin ado waɗanda ba a samun irinsu.

Yanzu ɗauki wayarka ka yi hoto, ka ƙara yi. Kowace kusurwa, daga sama da daga gefe, kafin ka cire abu da bayan ka cire shi. Turakun da ke riƙe da robobi sun yi kama da juna, amma tsawonsu da zarensu sun bambanta, kuma sukurun da ya ɗara rami tsawo zai iya huda katakon ya ɓullo ta ɗaya gefen. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka samu babban kwali, ka zana taswirar allon a kai, duk turken da ka cire ka soke shi a gurbinsa. Ƙananan abubuwa kuma su shiga leda, kowace leda da rubutun inda suka fito.

Ana farawa da abin da ke sama a gangaro ƙasa: robobin ado, gadojin da ƙwallo ke hawa, ƙarfen gaba mai ɗauke da katin dokoki, fikafikai, turaku, sai katakan gefe. Abu biyu ne ke ba da wahala. Na farko 'yan hulunan nan masu tunkuɗa ƙwallo, domin wayoyin fitilarsu sun ratsa allon an yi musu dalma a ƙasa, sai ka narkar da dalmar kafin su fito. Na biyu siraran ƙarafan da ke nuna wa ƙwallo hanya, waɗanda aka buga cikin katako kamar ƙusa. Kada ka fizge su. Sa guntun katako a ƙarƙashin filaya, ka ɗaga wannan ƙafa kaɗan, ka ɗaga waccan kaɗan, har su fito a miƙe ba su yage bakin ramin ba.

Daga ƙasa ba sai ka kwance komai ba, amma duk abin da ya leƙo sama da fuskar allo dole ya sauka: wayoyin makunnan da ƙwallo ke takawa, alamomin da take buga su nutse, ƙwayayen fitila, da 'yan taurarin roba masu maɓalli a tsakiya. Abin da ya rage a ƙasan ka lulluɓe shi da leda, ka toshe manyan ramuka da tsumma, don ƙurar samfefa idan ta shiga makunnai da injina sai ka yi wata kana bin ta. Idan za ka iya haɗa maratayi mai juyawa da zai riƙe allon ta kai da ƙafa, aikin zai yi sauƙi sosai. Idan babu, dokin kafinta biyu sun isa, muddin nauyin bai sauka kan kayan ƙasa ba.

Tunda kana ciki, leƙa akwatin sama ka duba batiran da ke kan allon kwamfutar na'urar. Ruwan tsohon batir ya kashe na'urori da yawa.

Sau da yawa za ka tarar an manna wata leda mai gani-har-hanji, wadda ake kira Mylar, a wuraren da ƙwallo ta fi bi. Dole ta fita. Ana ɗumama ta da na'urar busar da gashi a ja a hankali, ko a kifa gwangwanin iska irin na share ƙurar kwamfuta a fesa mata don gam ɗin ya daskare ya saki. Gam ɗin da ya rage kuwa, masu wannan sana'a suna barbaɗa masa fulawa, su jiƙa da sifirit mai ƙarfi, su murza da yatsa har ya dunƙule ya fita. Kada ka ce samfefa za ta cinye shi. Toshe ta zai yi cikin minti ɗaya.

Idanun fitila

A nan ya kamata a daɗe. A jikin allon akwai gutsattsarin roba masu launi, wasu da'ira, wasu kibiya, waɗanda aka dasa cikin katako don hasken fitilar ƙasa ya ratsa ta cikinsu. Su ne idanun fitila. Roba da katako ba sa miƙewa da tsukewa daidai, ga kuma zafin ƙwan fitila da ke dukan robar shekara da shekaru. Saboda haka wasu idanun sukan nutse, wasu su taso, wasu tsakiyarsu ta loɓa kamar ƙwarya, wasu kuma gam ɗinsu ya mutu suna motsi. Duk idon da ka bari yana motsi, zai ci gaba da motsi ƙarƙashin sabuwar fuskar. Idan sitika ce zai fito da zobensa a jikinta, idan faranti ne zai ɗaga shi ko ya bar rami a ƙasa.

Bi su ɗaya bayan ɗaya. Sa yatsa ta ƙasa ka tura. Wanda ya motsa ko ya yi 'yar ƙara, fito da shi: ɗumama shi kaɗan, sa guntun sanda mai faɗin ramin ta ƙasa, ka buga a hankali. Kankare tsohon gam daga gefensa da kuma bakin ramin, ka ɗan kwarzane gefen da samfefa don sabon gam ya samu abin kamawa. Gam mai haɗi biyu, wanda ba shi da launi, shi ya fi dacewa. Shafa shi a cikin ramin, mayar da idon, ɗora takardar da gam ba ya kamawa, ɗora katako mai shafaffiyar fuska, ka matse har idon ya zo daidai da allo. Idan ma zai kuskure, gara ya ɗan taso a kan ya nutse, domin wanda ya taso samfefa za ta daidaita shi. Ka lura da inda kibiya ke fuskanta kafin gam ya kama. Wanda ya tsage ko ya ƙone, canja shi yanzu, don ana sayar da sababbi bisa girma da launi, kuma bayan an manna fuska babu sauran hanyar fito da shi ta sama.

Haka ma ƙusoshin da ke riƙe da injin hulunan tunkuɗa. Ta sama ake buga su, kansu yana kwance daidai da allo. Idan akwai wanda zarensa ya lalace ko yake juyawa a banza, yanzu ne lokacin canja shi, kuma kan kowanne ya nutse ƙasa da fuskar katako kaɗan.

Kankara da shafewa

A waje za ka yi wannan aiki, da takunkumi na gaske a fuska, ba ƙyalle ba. Tsofaffin fenti suna iya ƙunsar gubar dalma, kuma ƙurarta ta fi illa ga yara, don haka kada su kusanci wurin, kayan da ka sa kuma a wanke su daban.

Fara da samfefa mai lamba 80 ko 120 a kan injin goge, ka cire zanen. Kada ka tsaya wuri ɗaya, kada ka danna, kada ka karkata injin don cin wani tabo mai taurin kai, domin hawan saman katakon siriri ne, kuma kwarin da ka haƙa ƙwallo za ta nuna maka shi duk ranar da ka yi wasa. Idanun fitila kuma idan suka yi zafi narkewa suke yi. Da zanen ya tafi sai ka koma 180, sannan 220, wannan karon da hannu, samfefar naɗe a jikin dogon katako mai shafaffiyar fuska. Ɗora ƙarfen awo a tsaye da a kwance, ka haska tocila ta bayansa. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙasa, akwai kwari.

Kwarin da ƙwallo ta haƙa a bakin ramuka da inda katako ya ɓantare, cike su da gam mai haɗi biyu na katako ko bodi fila, ka shafe. Ramin sukurun da ya yi faɗi, tura masa tsinken katako da gam, ka yanke daidai. Bakin kowane rami kuma yakan yi ɗan tudu saboda sukurun da ya ja katako sama. Danna shi ko ka share shi.

Idanun fitila za su yi dishi-dishi bayan samfefa. Kada hankalinka ya tashi. Bi su da lamba 400, 600, 1000 har zuwa 2000, sannan man goge roba irin Novus 2, za su washe. Rubutun da ke kansu ya tafi da zanen, amma sabuwar fuskar tana ɗauke da nata.

Akwai wata 'yar dabara da ke rufe asiri. Kamfanonin can ba wuri ɗaya suke yanka allunansu ba, saboda haka allo biyu na na'ura iri ɗaya suna iya bambanta da milimita ɗaya ko biyu. Sabuwar fuskar kuwa tana da taga, wurin da haske ke ratsawa, a saitin kowane ido. Wato ba kowace taga ce za ta zauna cif a kan idonta ba, kuma inda ta goce farin katako zai leƙo. Shafa siririn baƙin fenti zagaye da kowane ido tun yanzu. Idan gociyar ta zo, baƙi za a gani, ido kuma ba ya kama shi.

Daga nan sai a rufe katakon da kiliya hawa ɗaya ko biyu. Dalili uku ne: gam ya fi kama fuskar da aka rufe a kan katako tsirara mai ƙura, idanun suna ƙara haske, kuma idan sitika za ka manna da ruwa, ruwan ba zai shiga katako ba. Kada ka manta da hanyar da ake harba ƙwallo, a gefen dama, wadda yawanci sabuwar fuska ba ta rufewa. Naɗe samfefa a jikin sanda ka wanke baƙin layin da ke cikinta, ka yi mata kiliya ita ma. Sannan ka bar shi ya bushe sarai, yadda aka rubuta a jikin gwangwanin ko fiye. Kiliyar da ba ta gama fitar da tururinta ba, idan aka rufe ta, kumfa za ta tara a ƙasa. Idan ta bushe, bi ta sama-sama da lamba 600 ko 800 ban da kan idanu, ka share da tsumma mai kama ƙura.

Gwaji da mannawa

Ajiye allon da sabuwar fuskar a ɗaki ɗaya kwana ɗaya ko biyu don zafinsu ya zo ɗaya. Sitikar da ta zo a naɗe ka shimfiɗa ta ta saki jiki. Ɗakin ya zama marar ƙura, a kashe fanka, a rufe taga.

Ɗora fuskar ba tare da ka ɓare takardar bayanta ba, ka sa fitila mai ƙarfi ƙarƙashin allon. Da idanun fitila za ka daidaita, ba da ramukan sukuru ko gefen katako ba. Rami ana iya faɗaɗa shi, turke ya rufe, amma tagar da ta goce daga idonta kullum tana gaban mai wasa. Idan duka sun ƙi zama daidai, fifita na ƙasa kusa da fikafikai da na tsakiya, ka tura gociyar can sama inda robobin ado za su ɓoye ta. Ka ɗauki lokacinka a nan, ko da awa biyu ne, ka kuma kira wani ya duba da nasa idon.

Da ta zauna, matse rabin sama da maɗamkai masu laushin baki, ko ka ɗaure da salatif ɗin masu fenti mai faɗi daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya taɓa kallon mai manna gilashin kariya a fuskar waya ya san abin da ake tsoro: ƙwayar ƙura ɗaya da gociyar farko. Bambancin shi ne gam ɗin faranti mai tauri ba ya ba da dama ta biyu. Inda ya taɓa, nan ya zauna.

Mutum biyu ake so. Ɗaya ya ɗaga rabin da ba a matse ba, ɗayan ya ɓare takardar baya zuwa tsakiya, ya yanke ta da almakashi, ya sake share katakon da idanun karo na ƙarshe. Sannan a riƙa sauke farantin daga tsakiya zuwa baki, kaɗan-kaɗan, ana bin sa da rola mai tauri. Idan wannan rabi ya kama, a cire maɗamkan a yi wa ɗayan haka. Bayan nan a bi ko'ina da rola da ƙarfi, musamman gefuna da kewayen ramuka, domin irin wannan gam dannawa ce ke sa shi kamawa. Faranti a bushe ake manna shi, babu ruwa.

Sitika kuwa tana karɓar ruwa. Zuba ɗigo biyu na sabulun wanke kwano a kwalbar fesawa cike da ruwa, ko ka sayi ruwan da masu manna talla ke amfani da shi. Fesa wa allon da bayan sitikar, ka ɗora, ka zame ta har ta zauna daidai, sannan ka kore ruwan daga tsakiya zuwa gefe da guntun roba da aka naɗe da ƙyalle. Kada ka ja ta, don tana miƙewa, kuma idan ta miƙe zanen ya goce ke nan. Bar ta kwana biyu ko uku kafin ka yanke ramuka da sabuwar reza. Kumfar da ta ƙi fita, huda ta da allura ka danna.

Sai kiliyar da za ta rufe sitikar. Ta mota mai haɗi biyu ita ce ke jure ƙwallo, amma tururinta guba ne ga huhu, takunkumin ƙura ba ya tare shi. Idan ba ka da kayan kariya da wurin fesawa, kai wa mai fentin mota. Ka ce masa ya gwada a kan guntun da aka yanke daga sitikar tukuna, don wani tawadan yana narkewa, kuma hawan farko ya zama ɗan yayyafi kawai, ya sha iska kafin masu kauri su biyo. Bayan nan allon ya huta makonni kafin a ɗaura masa komai. Kiliya takan bushe a sama alhali cikinta da sauran laushi, kuma turken da aka ɗaure a kanta da wuri sai ya tara ta a gindinsa.

Mayar da kaya

A kan faranti mai tauri, ramukan da aka huda daga kamfani ba duka za su faɗa kan na allonka ba. Nemo ramin asali da tsinke ko da hasken tocila ta ƙasa, ka faɗaɗa na farantin da ƙaramin injin sassaƙa. Doka ɗaya ce a nan: kada zaren sukuru ko ƙafar ƙarfe ta ciji farantin. Ramin roba ya ɗara sukurun faɗi kaɗan, yadda katako kaɗai zai riƙe shi. In ba haka ba, sukurun zai ɗaga robar yayin shiga, ko kuma ranar da zafi ya sa ta miƙe ta rasa inda za ta, ta yi tudu. Manyan ramuka, irin wanda ƙwallo ke faɗawa, ka shafe bakinsu ya zo daidai da katako don kada ƙwallo ta riƙa dukan gefen farantin.

Turaku da hannu ake ɗaure su, ba da inji ba. Da ka ji ya zauna, ka tsaya. A kan sitika ka sa siririn wasa na roba ƙarƙashin turakun da suka fi shan duka.

Allon yanzu ya ƙara kauri, kuma duk da ƙanƙantar ƙarin, makunnai suna jin sa. Wayoyin da ƙwallo ke takawa sun nutse kaɗan, sai ka ɗan lanƙwasa su sama ka sake saita gibin makunnin a ƙasa. Taurarin roba da ka cire, ka mayar da su a ɗage yadda samansu zai yi daidai da sabuwar fuskar, in ba haka ba ƙwallo mai tafiya a hankali za ta maƙale a cikinsu. Alamomin da ke nutsewa ka duba sun sauka daidai da fuska. Fikafikai kuma su kasance da ɗan gibi a ƙasa, kamar kaurin katin banki, don kada su ja a kan sabon aikinka. Gwada kowane makunni da ƙwallo, ba da yatsa ba, ta hanyar shirin gwaji da ke cikin na'urar.

Sa sababbin robobi, kuma idan za ka iya ka mayar da ƙwayayen fitilar ƙarƙashin idanu zuwa LED, don zafinsu kaɗan ne. Tsofaffin ƙwallaye kada su koma ciki ko sun yi kama da masu kyau. Sababbi ka sa sifirit ka wanke musu man da aka shafa musu kafin ka sa su. Daidaita ƙafafun na'urar hagu da dama da ma'aunin ruwa a kan allon kansa, ba kan gilashi ba, gangaren kuma wajen digiri 6 zuwa 6.5 ga na'urorin shekarun 1980. Za ka ji ƙwallon ta fi dā gudu sosai, har sai hannunka ya saba.

Wanda ya sayo na'urar daga Amurka ya kai ta ƙasar da wutarta bolt 220 zuwa 240 ce, ya tabbata an sauya haɗin taransifoma kafin ya jona ta, don a can 120 ake amfani da shi. Kada a ajiye ta inda rana ke dukan gilashin, domin zafin da ke taruwa a ciki yana sassauta gam, yana kuma koɗar da launi. Shara kuwa tsumma mai laushi ya isa, sai kakin karnuba marar ƙasa-ƙasa lokaci zuwa lokaci, ƙwallaye kuma a canja su da zarar an ga tabo a jikinsu. Ranar da za ka sayar, ka faɗa wa mai saye cewa fuskar mannawa aka yi, ka ba shi hotunan da ka ɗauka kafin kankara da ragowar guntayen robar, don za su yi masa amfani idan yana son gwada wani man gogewa kafin ya shafa wa allon.